Macijin Akantofis: Mazauninsa da Iyakar Yaɗuwarsa

Akantofis sunan wani rukunin macizai ne masu mugun dafi, waɗanda ake samu a Ostareliya da tsibirin Niyu Gini da wasu ƙananan tsibirai na gabashin Indonesiya. In ban da waɗannan wurare, babu inda suke rayuwa a daji a faɗin duniya. Masu jin Turanci na can suna kiran macijin death adder. Yawancin masana a yau suna ƙirga iri takwas a rukunin, ko da yake akwai sauran saɓani a kan adadin. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Acanthophis antarcticus, wanda masanin dabbobi ɗan Ingila George Shaw ya fara rubuta bayaninsa a 1802. 'Yan asalin Ostareliya kuwa sun san shi, sun san makwancinsa, dubban shekaru kafin wani Bature ya taka ƙasar.

Siffarsa da danginsa

Gajeren maciji ne mai kauri. Tsawonsa yawanci tsakanin santimita 40 ne zuwa 70, kuma da wuya ya wuce mita ɗaya. Kansa faffaɗa ne mai kusurwa uku, wuyansa siriri. Daga wuya jikin yake yin kauri har kusa da ƙarshe, sai ya tsuke gaba ɗaya ya zama 'yar siririyar wutsiya mai ɗan tsini a bakinta. Wannan tsini ba ya harbi, ba shi kuma da dafi. Idanunsa ƙanana ne, baƙin idon a tsage yake daga sama zuwa ƙasa. Wani toka-toka ne, wani ja-ja mai ruwan ƙasa, da ratsi-ratsi masu duhu da masu haske da suka gitta jikin. Bakin wutsiyar kan fita daban da sauran jiki, ko fari-fari ko baƙi.

Duk wanda ya san kasa, in aka nuna masa hoton Akantofis zai rantse 'yar uwarta ce. Kai iri ɗaya, kauri iri ɗaya, ga kwanciya wuri guda ba motsi, ga kuma haihuwar 'ya'ya da rai maimakon saka ƙwai. Amma kama da wane ba ta wane. Kasa da kububuwa gidansu ɗaya, wanda masana ke kira Viperidae, kuma babu ko ɗaya daga cikin wannan gida a Ostareliya ko Niyu Gini. Akantofis ɗan gidan Elapidae ne, wato gidan su gamsheƙa. Kakanninsa sun shigo Ostareliya daga wajen Asiya miliyoyin shekaru da suka wuce, suka tarar babu wani maciji mai dafi da ke cin abincinsa ta hanyar kwanton ɓauna. Sannu a hankali wani reshe nasu ya ɗauki wannan hanya, jikinsa ya gajarce ya yi kauri, har ya wayi gari da ƙirar macizan da ba su haɗa kusancin jini ba. Masanin macizai na Ostareliya Richard Shine ya yi nazarin wannan kamanni a 1980, ya nuna cewa bai tsaya ga siffa kaɗai ba, ya kai har ga irin abinci da jinkirin balaga da tazarar haihuwa.

Yadda farautarsa ta zaɓar masa wurin zama

Ba a gane inda Akantofis yake zaune sai an gane yadda yake ci. Yawancin macizan Ostareliya masu dafi 'yan yawo ne, suna bin ramuka da gindin itatuwa suna neman ɓera da ƙadangare. Shi kuwa wuri yake samu mai tarin busassun ganye, ko yashi mai laushi, ko gindin ciyawa mai duhu. Sai ya dinga murza jikinsa hagu da dama har ganyen ya rufe shi ruf, ya lanƙwashe ya kawo bakin wutsiya daf da hancinsa. Abin da ke waje kawai saman kai ne da wannan 'yar wutsiya. A haka yake yin likimo, wani lokaci kwana da kwanaki.

In ya ji motsin wata 'yar dabba kusa, sai ya ɗaga bakin wutsiyar ya soma kaɗa ta, tana murɗewa tana miƙewa tamkar tsutsa. Dabarar mai fatsa ce da ya soka tana a ƙugiya ya zauna jira a bakin kogi. Kulɓa ko kwaɗo ko ɗan tsuntsu sai ya matso don ya cafke tsutsar, kafin ya ankara sara ya same shi. Saran Akantofis yana cikin mafi sauri da aka sani a macizai, ido ba ya iya bin sa. Ƙananansu sun fi cin kulɓa da kwaɗi, manya kuma sukan haɗa da ɓeraye da tsuntsaye.

Wannan salon rayuwa ya sa sharaɗin zamansa ya bambanta da na sauran macizai. Yawan ruwan sama ko ƙarancinsa bai cika damun rukunin ba, tunda akwai irinsa a kurmi, akwai a hamada. Abin da ba ya iya yi babu shi shi ne shimfiɗar da zai shige ƙarƙashinta: ganyen da ya zube ya taru shekara da shekaru, ko ruɓaɓɓen itace, ko ciyawar da ba a ƙone ba, ko tsagar ƙasa. Shimfiɗar ce ke ɓoye shi daga abin da zai ci da abin da zai ci shi, ita ce kuma ke kare shi daga zafin rana da bushewar iska. Ƙasar da aka share fayau, ko da tana cike da ɓeraye, ba ta da amfani gare shi.

Ba shi da yawan tafiya. Ya fi motsawa da dare in akwai ɗumi, musamman bayan an yi ruwa, kuma maza ne suka fi fita, lokacin neman mace. Macen takan haihu a ƙarshen lokacin zafi, wajen Fabrairu zuwa Maris, domin yanayin can a juye yake da na arewacin duniya. Takan haifi 'ya'ya 10 zuwa 20, wani lokaci fiye, amma galibi sai ta tsallake shekara kafin ta sake haihuwa, kuma takan haura shekara uku kafin haihuwar fari. Dabbar da ba ta nisa, ba ta kuma saurin hayayyafa, in aka kawar da ita daga wani daji takan daɗe ba ta dawo ba.

Inda ake samun Acanthophis antarcticus

Ostareliya ƙasa ce mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 7.7, ta ninka Nijeriya sau takwas da ɗoriya. Tsakiyarta busasshiya ce, ruwa ya fi sauka a gefe-gefe. A taswira, mazaunin wannan iri ya bi gefen gabas da gefen kudu, ya bar tsakiyar ga wani ɗan uwansa.

A gabas ya faro daga jihar Queensland ya gangaro New South Wales, yana bin gaɓar teku da jerin tsaunukan Great Dividing Range da filayen da ke bayansu ta yamma. A nan ya fi zama a dajin itatuwan turare, waɗanda Ostareliya ce asalinsu. Itacen turare yana zubar da ganye da ɓawo duk shekara, ganyen kuma ba ya saurin ruɓewa, sai ya taru ya yi kauri a ƙasa, abin da macijin yake so ke nan. Ana samunsa kuma a bakin kurmi, da cikin gajerun itatuwa masu cunkoso na kusa da teku. Birnin Sidni kansa yana kewaye da irin wannan daji a kan duwatsun yashi, kuma macijin yana nan a gandun daji na Ku-ring-gai Chase da ke arewa da birnin da na Royal da ke kudu da shi. Unguwannin da suka yi iyaka da waɗannan dazuzzuka sukan gan shi jefi-jefi a bayan gida, cikin tarin ganyen da aka share aka tara.

A cikin Queensland, nesa da teku, akwai wani yanki mai suna Brigalow, wanda ya ci sunan wani itace ɗan dangin bagaruwa da ya taɓa rufe shi. A da yankin yana cikin manyan mazaunan macijin. Yadda ya rasa shi yana tafe a gaba.

Daga kudancin New South Wales sai zaren ya yi kamar ya tsinke. A jihar Victoria da ƙyar ake ganinsa. A tsibirin Tasmaniya babu shi sam; macizai iri uku ne kawai a can, dukansu masu jure sanyi. Sai an nausa yamma an shiga jihar Ostareliya ta Kudu ake sake haɗuwa da shi, a zirin ƙasar Yorke da na Eyre, inda yake zaune a tuddan yashi na bakin teku da cikin gajerun itatuwan turare masu rassa da yawa daga gindi. Daga nan ya bi gaɓar filin Nullarbor, siririn layi tsakanin hamada da teku, har cikin jihar Ostareliya ta Yamma, zuwa tuddan Darling da ke gabas da birnin Perth. Yana kuma kan wasu tsibirai na gaɓar kudu, waɗanda a da haɗe suke da babbar ƙasa kafin teku ya taso ya yanke su.

Taswirar littafi takan shafe duk wannan yanki da launi ɗaya, mai karatu ya ɗauka macijin ya cika ko'ina. A zahiri tsilla-tsilla yake. Ana iya samunsa da yawa a wani tudu da ba a taɓa nomewa ba, a rasa ko ɗaya a gonakin da ke kewaye da tudun na tsawon kilomita masu yawa. Ƙirga shi ma aiki ne mai wuya, tunda mai nema yakan wuce shi da taku ɗaya bai gan shi ba.

'Yan uwansa na hamada da fadama

Tsakiyar ƙasar da yammacinta na Acanthophis pyrrhus ne, macijin hamada, wanda aka rubuta bayaninsa a 1898. Ya fi na gabas sirantaka, launinsa ja ne mai ratsin rawaya, daidai da jan yashin wurin. Babu tarin ganye a hamada, don haka ya koma ga wata ciyawa mai tsini da ake kira sifinifes, wadda ke tsirowa curi-curi a kan yashi da tsakuwa. A gindinta yake kwana, a nan kuma ƙadangarun da yake ci suke fakewa. A yankin Pilbara mai jajayen duwatsu da ma'adinin ƙarfe akwai Acanthophis wellsi. A yankin Kimberley na arewa maso yamma akwai Acanthophis cryptamydros, wanda sai a 2015 aka tabbatar iri ne mai zaman kansa, bayan an gwada ƙwayoyin halittarsa. Zirin Cape York da arewa maso gabashin Queensland kuwa na Acanthophis praelongus ne.

Wanda mazauninsa ya fi ban sha'awa shi ne Acanthophis hawkei. Yana zaune a filayen Barkly, masu baƙar laka da ciyawa, inda mutum zai yi tafiya mai nisa bai ga itace ba, da kuma fadamun kogunan Adelaide da Mary da Alligator a Yankin Arewa. Damina a can daga wajen Nuwamba take zuwa Afrilu. In ta sauka fadamun sukan cika, kwaɗi su yi yawa, macijin ya ci ya yi ƙiba. Da rani lakar takan bushe ta dare, tsagar ta yi zurfi, sai ya shige ciki inda akwai sauran sanyi da laima. Tsagar ƙasa ta tsaya masa a madadin ganye. A dazuzzuka da duwatsun da ke kewaye da waɗannan fadamu kuma wani iri ne daban, Acanthophis rugosus mai kaushin fata.

Tsallaken teku

Wannan mai kaushin fata ana samunsa har a kudancin Niyu Gini, alhali mashigin ruwan Torres mai faɗin kimanin kilomita 150 ya raba tsibirin da Ostareliya. Dalilin yana cikin tarihin teku. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta riƙe ruwa mai yawa a sassan duniya masu sanyi, teku ya yi ƙasa da inda yake yau da kusan mita 120. A lokacin Ostareliya da Niyu Gini da tsibiran Aru ƙasa ɗaya ce, dabba na iya tafiya daga wannan zuwa wancan ba ta taɓa ruwan gishiri ba. Da ƙanƙarar ta narke teku ya hau, sai ya raba su, kowane ɓangare ya tafi da macizansa.

Irin da ya fi yaɗuwa a Niyu Gini shi ne Acanthophis laevis mai santsin fata. Yana ɓangaren yamma da ke ƙarƙashin Indonesiya, yana kuma ƙasar Papuwa Niyu Gini a gabas. Ana samunsa a kurmi, da filayen tofa, wadda mutanen can ke kira kunai, da gonakin dankali da na kofi har cikin kwarurukan tsaunuka. Ya kai tsibiran Seram da Tanimbar, waɗanda ruwa mai zurfi ya kewaye. Bambancin Niyu Gini da Ostareliya shi ne a nan macijin da manomi gona ɗaya suke kwana suke tashi, manomin kuma sau da yawa ba takalmi a ƙafarsa.

Abin da ke cinye mazauninsa

Yawancin macizai in suka ji motsin taku a ƙasa sai su sulale. Akantofis kuwa ƙara lafewa yake yi, ya dogara ga ɓuyansa. Wannan hali ya yi masa rana miliyoyin shekaru, amma ba ya tsinana masa komai a gaban katafila ko wuta ko kofaton shanu.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Brigalow. Daga 1962 gwamnati ta buɗe yankin don noma da kiwo. Akan ɗaura wata ƙatuwar sarƙar ƙarfe tsakanin katafila biyu, su ja ta cikin daji tana tumɓuke duk itacen da ta tarar, a bar shi ya bushe, sannan a cinna masa wuta. Cikin 'yan shekaru mafi yawan dajin ya tafi, ganyen da ke ƙarƙashinsa ya zama toka. Yau dokar Queensland ta sa Acanthophis antarcticus cikin dabbobin da ke fuskantar barazana a jihar, duk da cewa a lissafin duniya ba a ɗauke shi mai shirin ƙarewa ba.

Inda ba a sare daji ba ma, kiwon da ya wuce kima yana tattake shimfiɗar ya mayar da ita ƙura. Kyanwowin da suka koma daji, da yanyawar Turai da aka kai ƙasar a ƙarni na 19, suna cin ƙananan macizan, suna kuma cinye kulɓa da ɓerayen da manyan ke jira. Mota takan taka su da dare a kan kwalta.

Wuta tana da nata bayani. Dajin Ostareliya ya saba da ita. 'Yan asalin ƙasar sun daɗe suna ƙona shi kaɗan-kaɗan tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, wutar ta ci nan ta tsallake can, a bar wuraren da dabbobi za su fake. Wadda ke yin ɓarna ita ce babbar gobara ta tsakiyar rani mai lashe komai ƙurmus, ko ƙuna a kai a kai da ba ya barin ganye ya sake taruwa. A Yankin Arewa wata ciyawa da Bahaushe ya sani sarai ta ƙara dagula lamarin, wato gamba. An kai ta can daga Afirka a shekarun 1930 don kiwon shanu, har yau kuma da sunan gamba suke kiranta. Da ta fita daga makiyaya ta shiga daji, inda babu mai yankanta ya yi zana, babu garken da zai cinye ta, sai ta yi tsawon da ya kai mita huɗu, ta yi cunkoson da ciyawar wurin ba ta yi. Wutarta takan yi zafin da ke kashe manyan itatuwa. A 2012 an sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya.

Kwaɗon rake

A arewa babu abin da ya yi wa waɗannan macizai illa irin wani baƙon kwaɗo. Asalinsa Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. A 1935 aka kawo guda 102 daga Hawai zuwa Gordonvale kusa da garin Cairns a Queensland, da niyyar su cinye ƙwaron da ke ɓata rake. Ba su yi maganin ƙwaron ba, sai suka hayayyafa suka bazu. Sun isa gandun daji na Kakadu a 2001, suka tsallaka jihar Ostareliya ta Yamma a 2009. Kwaɗon yana da wasu kumburi biyu a bayan kai masu fitar da farin ruwa mai guba da ke tsayar da zuciya. Gamsheƙan Afirka yana cin kwaɗi masu irin wannan guba ya kwana lafiya, domin kakanninsa tare suka taso da su. Ostareliya kuwa kafin nan ba ta taɓa samun kwaɗo na wannan gida ba, saboda haka yawancin macizanta ba su da kariya.

Abin takaicin shi ne Akantofis na fadama gwani ne wajen cin kwaɗi masu haɗari na ƙasarsa. Ben Phillips da Richard Shine sun bayyana haka a 2007. In ya sari kwaɗon da ba shi da wata illa, nan take yake haɗiye shi. Akwai wani mai fitar da danƙo da ke like baki. Wannan in ya sare shi sai ya sake shi, ya jira kimanin minti 10 danƙon ya bushe. Akwai kuma wani mai guba a fata, shi kuma yakan bar gawarsa fiye da rabin sa'a, har gubar ta lalace, sannan ya ci. Kowane kwaɗo da lokacinsa. Amma gubar kwaɗon rake ba ta lalacewa da jira, kuma ɗan abin da ya shiga bakin macijin wajen sara ma yana iya kashe shi. Ga shi ƙananan kwaɗin suna zuwa da kansu, wutsiyar da ke kaɗawa tana kiransu. A fadamar kogin Adelaide an ga raguwa mai tsanani bayan isowar kwaɗon, kuma dokar tarayya ta Ostareliya ta sa Acanthophis hawkei cikin masu fuskantar barazana.

Shi da mutane

Akantofis ba ya bin mutum. An sha taka ƙasa daf da shi bai ko motsa ba. Sara yakan faru ne in an taka shi, ko an cusa hannu cikin ganye wajen shara ko ɗibar itace, ko an yi yunƙurin kama shi ko kashe shi. Shi ya sa masu shiga dajin can ake yi musu gargaɗin sa takalmi mai rufi da dogon wando, da riƙe tocila da dare. Doka ta kare macizan ƙasar. Wanda ya ga ɗaya a gidansa yakan kira mai kamu da ke da lasisi ya ɗauke shi ya mayar daji.

Dafinsa a nan ne ya nuna gidan da ya fito. Saran kasa kumburi yake kawowa da ruɓar nama, na kububuwa kuma yana hana jini daskarewa har ya riƙa zuba ta dasashi. Na Akantofis jijiyoyi yake kamawa, ya toshe saƙon da ke zuwa ga tsoka. Wurin saran sau da yawa ba ya wani kumburi, wanda hakan kan yaudari mutum ya ɗauka ya tsira. Bayan 'yan sa'o'i fatar ido ta soma saukowa, gani ya rabu biyu, harshe ya yi nauyi, haɗiyar yawu ta gagara, daga ƙarshe numfashi ya tsaya. Kafin a sami magani, kusan rabin waɗanda ya sara ba sa tashi. A 1958 cibiyar Commonwealth Serum Laboratories da ke Melbourne ta fitar da allurar kashe dafinsa. Ana kuma riƙe mara lafiya da na'urar numfashi har dafin ya sake shi.

Taimakon farko da ake koyarwa a Ostareliya, wanda likita Struan Sutherland da abokan aikinsa suka fito da shi a 1979, shi ne a naɗe gaɓar da aka sara gaba ɗaya da bandeji mai faɗi, ya kama sosai amma kada ya tsayar da jini, a ɗaura mata kara don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa asibiti ba tare da ya yi tafiya da ƙafarsa ba. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa. An tsara wannan ɗauri ne don macizan can masu kama jijiya. A saran kasa, inda nama ke kumbura yana ruɓewa, matse gaɓa na iya ƙara ɓarna. Allurar ma haka take, wadda aka yi don Akantofis ba ta aiki a kan dafin kububuwa.

A Ostareliya yanzu saran macizai gaba ɗaya yana kashe kimanin mutum biyu a shekara, kuma yawancinsu ba Akantofis ne ya sare su ba. A ƙauyukan Niyu Gini, inda asibiti ke da nisa, allurar kuma ke da tsada da wuyar samu, har yau yana cikin macizan da ke kashe manoma da yara.